Yadda ake riƙe lafiyar babban gida a Damagaram, daga masassarar damina zuwa tansiyon tsofaffi

Mutum goma sha bakwai ke kwana a gidanmu. Babbarmu ita ce Inna, ta haura saba'in, tana fama da tansiyo, wato hawan jini, da ciwon sukari. Ƙaraminmu jaririn matar ƙanena ne, ko zama bai fara ba. Wata damina, cikin Agusta, yara uku suka kwanta da masassara a mako ɗaya. Hankalin kowa ya koma kansu. Wannan ta goya, wancan ya fita neman kabu-kabu, ɗan kuɗin da ke hannu ya narke a magani da abin hawa. Sai da yaran suka miƙe muka lura maganin tansiyon Inna ya ƙare tun kwana goma sha ɗaya baya. Ita kuma ta yi shiru, wai kada ta ƙara mana nauyi. Da muka kai ta likita aka gwada, tansiyon 19 ne a sama, alhali 14 ne iyaka. Allah Ya rufa asiri ba ta faɗi ba, amma daga ranar na daina riƙe lafiyar gida da ka.

Ciwo iri biyu ne a gidajenmu. Akwai mai shigowa da ihu: masassara, gudawa, sankarau, ƙyanda. Akwai mai zama shiru a ɗaki: hawan jini, sukari, emasi (wato sikila), fuka. Aljihu ɗaya suke ci, mace ɗaya ke jinyarsu, kuma duk ranar da mai ihun ya shigo, shi mai shirun yake samun damar yin ɓarna. Ga yadda muka tsara namu gidan.

Mataki na farko: kaye ɗaya, mutum ɗaya

A sayi kaye irin na ƴan lakkol. Kowa a gida a ware masa shafi huɗu ko biyar. A sama a rubuta suna, shekarar haihuwa ko ƙiyasinta, ciwon da aka san yana da shi, da sunan maganinsa daidai yadda yake a jikin kwali. Yaro a ƙara da nauyinsa na awon ƙarshe, don maganin yara da kilo ake ba da shi, ba da ido ba. Boko ko ajami, duk wanda mai rubutun ya iya. A samu leda mai kauri a haɗa karne na rigakafi, karne na awon ciki, tsofaffin ordonas da takardun gwaji, a ajiye su da kayen nesa da gara da yoyon ɗaki. A ƙara da ma'aunin zafin jiki daga farmasi.

Sai a naɗa mutum ɗaya. Ba lalle maigida ba. Gaskiya ma gara ba shi ba, don shi kullum yana waje. A gidanmu ɗiyar yayana ce, ƴar lise. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan ƙirga ƙwayoyin Inna, ta duba ranar rigakafin jarirai. In ta ga saura na kwana bakwai, a ranar take faɗa, ba ta bari sai kwalin ya zama wayam.

Mataki na biyu: a gama shawara tun da rana

Na san gidajen da yaro zai kwana yana fizge-fizge, uwar na kuka, amma ba ta fita ba saboda maigida yana Kano ko Agadas, wayarsa ba ta shiga. Wannan jiran ya fi sauro kisa. Maigida ya faɗa da bakinsa, gaban mahaifiyarsa da matansa: “Duk ranar da yaro ya yi zafi, ko mai ciki ta ga jini, a tafi likita, ba sai an jira ni ba.” Magana ɗaya ce, a yi ta sau ɗaya, ta zama dokar gida.

Na biyu kuɗi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa kulawa da yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki su zama kyauta. Duk da haka wata rana za a rubuta maka ordonas ka je ka saya, kuma mai babur ba ya ɗaukar mutum da doka. A ware jika biyar ko goma a gwangwani, ba na cefane ba, ba na biki ba. In an taɓa, a mayar.

Na uku abin hawa. A rubuta lambar masu kabu-kabu ko adaidaita biyu na unguwa waɗanda ke ɗaga waya da dare, a bango, inda yaro ma zai iya karantawa. A kuma san tsanin: a ƙauye ƙaramin gidan likita na kusa, a gari CSI, wato gidan likitan unguwa, daga nan su ne za su ba da takardar wucewa zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram ko cibiyar kula da uwa da yaro. Wanda ya suma, ko mai zubar jini, ko wanda ɓarin jikinsa ya mutu, shi kam kai tsaye babban asibiti.

Mataki na uku: shirin damina, tun watan Yuni

Kafin ruwan farko a fito da sange, wato gidan sauro, duka, a ɗinke ɓula, a rataye. Sabon sange a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki. In za a wanke, a hankali, a shanya a inuwa, don rana na kashe maganin da ke jikinsa. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su ma a kafa musu sanda huɗu. Sangen da ya koma shingen tumatir ko rufin kaji, ba a kansa nake magana ba. A kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, a rufe randa, a cike kwatamin ƙofar gida.

Daga Yuli ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga masassara, wata-wata har damina ta wuce. A Nijar an fara shi a 2013, Magarya na cikin wuraren farko. Ga inda iyaye da yawa ke yin sakaci: maganin na kwana uku ne. Ranar farko masu rabon ke bayarwa a gabansu, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Yana da ɗaci, yaro zai ƙi, amma in an tsaya a ranar farko an yi rabin aiki ne. A narka shi a ɗan ruwa, a ba shi bayan ya ci abinci, a sa alama a kaye. Mai ciki kuma tana da nata a wajen awo, daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Mataki na huɗu: idan jiki ya yi zafi

A nan zan daɗe, don nan ne aka fi asarar yara. A sa ma'auni a hammata. In ya kai 37.5 ko ya wuce, zazzaɓi ne. A rage wa yaron tufafi, a ba shi nono ko ruwa, a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 ga kowane kilo, tsakanin sha da sha awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya taɓa ƙwayar cutar. Saboda haka a je a gwada jini a ranar, kada a kwana biyu ana cewa “bari mu gani”. Gwajin ɗigon jini a yatsa ne, minti goma sha biyar zuwa ashirin ya fito.

In ya nuna palu, wato masassarar cizon sauro, galibi Coartem ko ɗan'uwansa za a bayar: sha shida cikin kwana uku. Na farko nan take, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu. A ba shi da nono, ko fura da nono, ko abinci mai ɗan maiƙo, don da maiƙo jiki ya fi karɓarsa. In ya amayar kafin rabin awa, a sake ba shi, a koma a karɓo cikon wanda ya zube. Rana ta biyu yaro zai tashi yana wasa, a nan shaiɗan ke raɗa wa uwa ta ajiye sauran don ƙanensa. A'a. A shanye duka.

In gwajin bai nuna palu ba, kada a matsa wa ma'aikaci sai ya ba da maganin palu. Zafin na iya zama daga ƙirji, ko kunne, ko mafitsara, ko taifot. A bar shi ya duba. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: duk abin da aka riga aka ba yaron, ƙwayar mai talla ce ko jiƙo, a faɗa. Ni dai na daina sayen magani a hannun masu yawo da shi a tire ko bayan keke. Ƙwayar da ta yini a ranar Damagaram wata da watanni, ko ta gaske ce ta mutu, balle ba ka san ko ta gasken ba ce.

Akwai alamomin da in an ga ko ɗaya ba a jiran asuba: yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga, yana fizge-fizge, ya yi lagwaf ba ya farkawa sosai, numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi. Jaririn da bai kai wata biyu ba, zafi kaɗai ya isa a fita da shi. Idan yana fizge-fizge a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a tura cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada a turara masa hayaƙi. Duk waɗannan huhu suke tafiya. Addu'a a yi ta a kan hanya, Allah na ji a kan babur. In tafin hannu ya yi fari, a tafi da babban mutum mai lafiya ɗaya ko biyu, don wataƙila a nemi jini.

Mataki na biyar: ruwa, gudawa da tamowa

Ba sai na gaya wa ɗan Damagaram wahalar ruwa ba. Mun tashi muna ganin layin bido a bakin famfo da ƴan ga-ruwa suna tura kura. Ruwan kan fito da tsabta, a hanya da cikin gida yake lalacewa. A wanke bido da sabulu, a ware randar sha da murfinta da moɗa ɗaya mai mariƙi wadda ba a sa mata baki. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa, ko a jefa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a takardarsa, a jira rabin awa. Bayan ambaliya a ninka hattara. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ta nuna mana yadda ruwa ke haɗa masai da tsakar gida cikin dare ɗaya.

In gudawa ta kama yaro, abin da ke kisa ƙarewar ruwan jiki ne. A ajiye ƙunshin SRO, wato garin ruwan gishiri da sukari, guda biyar a gida kullum. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta; babbar gorar ruwan kanti lita ɗaya da rabi ce, a kula. In babu, a haɗa na gida: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Bayan kowace fita, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi da cokali, babba-babba rabin kofi zuwa kofi guda. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. A karɓo ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14 ko gudawar ta tsaya. Nono kada a yanke.

Kwalara dabam take. Gudawa ce kamar ruwan wankin shinkafa, da amai, tana iya ƙarar da ƙato cikin sa'o'i. A 2021 ta kama mutum sama da 5,000 a Nijar, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wanda ya fara irin wannan a ɗauke shi nan take yana kurɓar SRO a hanya, a wanke wurin da kayansa da ruwan jabel.

Tamowa ita ke bin sawun gudawa da masassara, musamman lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi. A roƙi ɗan madaurin awon damtse a CSI. A Mirya aka fara koya wa uwaye yin awon da kansu, aka ga sun iya sarai. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, a naɗa a tsakiyar damtsen hagu, ba matsewa ba sakewa, sau ɗaya a mako. Kore lafiya. Rawaya, wato milimita 115 zuwa 125, a kai shi cikin makon. Ja, ƙasa da 115, yau ɗin nan. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu daƙiƙa uku; in gurbin yatsa ya zauna, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na cikin leda da za a ba shi, magani ne na yaro ɗaya, ba na rabo da yayye ba, ba na kai wa mai tebur ba.

Mataki na shida: in hunturu ya buso

Da iska ta juya, ciwon ma sai ya juya. Ƙura da bushewar hanci ke buɗe wa sankarau ƙofa, daga ƙarshen shekara har ruwan farko. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ta fi kowa yawa, cutar har ta tsallaka Jigawa. Alamarsa zafi mai tsanani farat ɗaya, ciwon kai, wuya ya sandare, ido ba ya son haske, amai. Jariri kuwa maɗigarsa ke kumbura, yana kuka mai ƙara, ya ƙi nono. Wannan da sa'o'i ake lissafinsa. Wanda ya yi rigakafin sankarau shekarun baya kada ya ce ya gama: ƙwayar iri-iri ce, allurar da aka fara a 2010 nau'in A take karewa, wanda ya dame mu a 2022 da 2023 kuwa C ne. Duk lokacin da aka yi shelar sabuwar allura, a fita da yara da samari.

Mashaƙo ya dawo mana a 2023, ya fi ƙarfi wajen Matamaye. Ciwon maƙogwaro ne da zazzaɓi, wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta rufe cikin maƙoshi. Don Allah kada a kira wanzami ya cire beli, kada a kankare fatar. Jini za ta yi, numfashi ya toshe. A ware masa kofinsa, a kai shi likita, a faɗi sunayen yaran da suke kwana tare. Kariyarsa tana cikin allurar jarirai ta sati 6, sati 10 da sati 14. Ta ƙyanda kuma a wata tara, da ta biyu bayan ya shekara. Ranar tana cikin karne. Baƙon dauro, wato ƙyandar, ba ciwon ɓoyewa a ɗaki ba ne, yana cin ido yana sauka ƙirji.

Tarin da ya wuce sati biyu, da rama da gumin dare, a kai majina a gwada. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha, wanda ya yanke a tsakiya ya sayo wa kansa mai taurin kai. Masu emasi a rufa musu jiki da safe da dare, a yi musu wanka da ruwan ɗumi, su sha ruwa da yawa ko ba ƙishi. Zazzaɓi a jikinsu ba a kwana da shi. Kuma tun ana zancen aure a gwada jini: in mata da miji duka AS ne, wato suna ɗauke da irin ciwon a jini, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, wato emasi.

Mataki na bakwai: masu ciwon zaune

Tansiyo ba ya sallama. Mutum na iya yawo da 17 yana cin kasuwarsa, ba ciwon kai ba jiri. Duk wanda ya kai arba'in a gida ya gwada ko sau ɗaya a shekara. Wanda aka tabbatar yana da shi, in da hali a haɗa kuɗi a sayi na'urar damtse, gida uku ma na iya raba ɗaya. Ga yadda ake gwadawa: rabin awa kafin nan ba shayi, ba goro, ba taba. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba hira. A gwada sau biyu, a rubuta da kwanan wata. 14 bisa 9, wato 140 da 90, nan ne iyaka. In yana kaiwa nan ko yana wucewa a ranaku dabam-dabam, a kai kayen wa likita. In ya kai 18 bisa 12, musamman da ciwon kai, ciwon ƙirji ko dishi-dishin ido, ranar ake tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha magani wata ɗaya, a ga lamba ta sauko, a ce an warke. Maganin ne ya riƙe ta. Ka saki, ta koma. Na biyu shi ne aron ƙwayar maƙwabciya don “ciwonmu ɗaya”. Na uku ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da tsofaffi ke sha kamar gyaɗa saboda gwiwa: suna ɗaga tansiyo, suna cin ƙoda.

Sai tukunya. Gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba, ƙasa da giram 5, kuma lissafin ya haɗa da magi da kanwa da yajin tsire, don duk dangi ɗaya ne. Mu ba mu ware wa Inna tukunya ba, mun gwada ta ji kamar an mai da ita bare. Sai muka rage wa kowa a hankali, muka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Sati uku aka yi ana gunaguni, daga nan harshe ya saba.

In baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce. A duba agogo a riƙe lokacin, kada a ba shi komai ta baki, a wuce babban asibiti. Mai ciki da ke ciwon kai, fuska da hannu sun kumbura, tana ganin taurari, a gwada tansiyonta a ranar kafin jijjiga ta zo.

Ciwon sukari kan nuna kansa da yawan ƙishi, yawan fitsarin dare, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Da safe kafin a ci komai ake gwadawa, giram 1.26 a lita ko sama, in an maimaita an sake samu, shi ne. Ba a ce a daina tuwo ba, a rage malmala a ƙara miya, zogale, rama, wake. Abokan gaba na gaske su ne lemon kwalba, furar da aka zuba wa sukari, da shayin fada zagaye uku, kowanne kamar zuma. Mai shan magani ko allura ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku a aljihu: in ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa da ruɗewa, sukarin ya faɗi ƙasa da 0.70, ya tsotse su, bayan kwata ya ci abinci. In ya suma, ba a ɗura komai. Insulin ba ya son zafi, wutarmu kuma ba ta da alkawari. In babu firigo, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye cikin ƙaramin tulu da aka binne a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce wata guda.

Ƙafa kuwa a duba ta kowane dare, har tsakanin yatsu. Mai sukari na iya taka ƙaya ko yashin azahar mai zafi bai ji ba. Ba tafiya ba takalmi, ba kankare kaushi da reza, ba ba wa mai yankan farce na titi ƙafa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu.

Mataki na takwas: ranar da biyun suka haɗu

Tsoho mai sukari in masassara ta kama shi, sukarinsa kan haura ko bai ci komai ba, don haka a yawaita gwaji, kada a yanke insulin da ka. In kuma yana amai da gudawa, akwai ƙwayoyin sukari da na tansiyo da ake dakatarwa na ɗan lokaci don kare ƙoda. Likita ne zai faɗi wanne, shi ya sa ake tafiya da kwalayen duka a leda, ba a ce “wata ƴar fara ce ƙarama” ba. Mai sukari ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka, tarinsa ba a yi masa uzuri. A bazara, lokacin da zafi ke wuce 40, a ajiye wa tsofaffi ruwa kusa da shimfiɗa, don su ba sa jin ƙishi da wuri.

Azumi a shirya masa tun Sha'aban. A je da kayen a tambayi likita ko mutum zai iya, da yadda za a juya lokutan magani. Gwada sukari a yatsa ba ya karya azumi. In ya faɗi ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3, a sha ruwa. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, malamin unguwa zai tabbatar maka. Tafiya kuma, ko biki ne a Mirya ko ta'aziyya a Gure, a ƙulla magani da rarar kwana bakwai, don ba a san ranar dawowa daga gidan dangi ba.

Kuma duk makon da yaro ya kwanta, mai riƙe da kaye ta buɗe shafin tsofaffi a daren farko, kafin kowa ya kwanta. Haka ɗiyar yayana ke yi. Takan shiga ɗakin Inna da fitila ta ce, “Inna, kawo kwalin in gani.” Inna ta ce, “Ke dai kin fi likita naci,” ta miƙo. A makon jiya ƙwayoyin sun cika daidai. Goro biyu dai ta tarar a ƙarƙashin matashi, sun yi ciniki, ta bar mata rabi.